An yanka gonar bayan unguwarmu filoti 600, mu kuwa ruwan kura muke sha: wa zai ce a dakata?

Baban_Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta tsaya min a wuya, kuma na san a zauren nan akwai lauyoyi da injiniyoyi da waɗanda suka yi aiki a ƙaramar hukuma, shi ya sa na kawo ta nan. Unguwarmu tana gefen birnin Kano. Ba zan faɗi sunan ƙaramar hukumar ba don kar a ce siyasa na kawo. Rabon famfon gidana da ya ɗiga tun kafin a yaye Khalifa, yaron yanzu yana aji biyu na firamare. Rijiyar gidanmu da can takan kai mu watan Afrilu, bana tun Fabrairu guga ke dawowa da laka. Kura biyu muke saye duk kwana uku.

A bayan unguwar akwai gonakin wasu magada, da wani tsohon kududdufi a gefensu. Makon jiya muka wayi gari an kakkafa turaku an ja igiya. Dillalan sun ce filoti 600 ne, ƙafa 50 da 50, kuma suna yawo da takarda mai hatimin ƙaramar hukuma. Tifofi sun fara juye baraguzai da shara a kududdufin. Ban ga an bar wurin makaranta ba, balle wurin tankin ruwa.

Tambayata: ƙaramar hukuma tana da ikon cewa a dakata da yankan nan har sai an san inda mutanen za su sha ruwa? In tana da shi, ya dace ta yi?

Maman_Ihsan:
Wa alaikumus salam. Baban Khalifa kamar ka shiga zuciyata. Mu da ke cikin gida mu muka san ciwon abin. Da asuba nake tashin yara su kama layi a bohol ɗin masallaci, wani lokacin har a kaɗa ƙararrawar makaranta suna can da jarkoki. Ruwan ɗaurayar kaya da shi nake goge ɗaki, na wanke-wanke da shi ake kora banɗaki. A ƙara muku gida 600 a kan wannan halin? Wallahi a dakata.

DanKasuwa_Kwari:
Ni fa ban gane ba. Gonar ta magada ce ko ta gwamnati? In tasu ce sun ga dama su sayar, ina ruwan maƙwabci? Rashin ruwa laifin mai gona ne?

Barista_Ta_Zaure:
Wa alaikumus salam. Bari in raba maganar, don an cakuɗa abu uku a wuri ɗaya.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ɗora duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Duk yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi ke da ikon bayar da fili da takardar mallaka a cikinsa. Wanda ba a ayyana ba, nan ne ƙaramar hukuma ke da hannu. Ita ke ba da takardar riƙo ta gargajiya, don noma ko gida ko kiwo, kuma dokar ta yi mata iyaka: ba za ta ba mutum fiye da hekta 500 na noma ko 5,000 na kiwo ba sai da yardar gwamna. Haka kuma wanda ke riƙe da irin wannan ƙasa ba zai sayar ba sai da amincewarta. To ka ga @DanKasuwa_Kwari, "gonarsu ce" ba ta gama magana ba.

Tsara unguwa da izinin gini kuma a Kano aikin KNUPDA ne, hukumar tsara birane ta jiha. Ruwan famfo na birni shi ma na jiha ne. Wato mai buga hatimi a takardar fili daban, mai duba zanen unguwa daban, mai kawo ruwa daban, kuma a dokar ƙasa ta 1978 babu layi ɗaya da ya ce sai an nuna ruwa kafin a yanka.

Baban Khalifa, abu na farko da za ka bincika: gonar nan tana cikin yankin da aka ayyana birni ko tana waje? In tana ciki, wannan hatimin da ake nuna muku ba shi da nauyin da dillalan ke ba shi.

Baban_Khalifa:
Na gode Barista. Wallahi ko ni da na shekara 14 a unguwar ban san amsar ba. Zan tambaya.

Tsohon_Kansila:
Barista ta faɗi abin da ke rubuce, ni kuma bari in faɗi abin da na gani da idona, don na zauna a majalisar ƙaramar hukuma shekara uku. Ranar da aka kawo fayil ɗin yankan gona, abin da ake tambaya shi ne: magada sun yarda? Dagaci ya sa hannu? An biya kuɗin shiga? Shi ke nan. Ban taɓa zama a taron da wani ya ɗaga hannu ya ce ina ruwan da za su sha ba, kuma ni ma ban ɗaga ba, Allah ya yafe mana. Ba mugunta ba ce kawai. Sashen ayyukanmu a lokacin injiniya ɗaya ne da mota ɗaya da ba ta tashi. Wa zai auna ruwan ƙasa?

Sannan ku sani, ciyaman ɗin da ya hana yanka ya ɓata da magada, ya ɓata da dillalai, ya ɓata da masu unguwanni da ke samun la'ada, ya ɓata da masu buga bulo da masu tifa. Duk waɗannan suna da baki ranar zaɓe. Waɗanda za su ji ƙishi nan da shekara biyar kuwa ba su ma tare ba tukuna, babu wanda ya san fuskarsu.

Sarkin_Zolaya:
An ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta ka shafa wa naka ruwa. To jama'a ruwan ne babu, sai dai a yi taimama.

Injiniya_Rijiya:
Aikina haƙar rijiyar burtsatse ne, shekara 19 ke nan, bari in yi muku lissafi mai sauƙi. Gida 600, a ce kowane gida mutum 8, mutum 4,800 ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa lita 50 a rana a matsayin ƙaramin abin da zai ishi mutum sha da girki da wanka da wanki. Lita 240,000 kullum. A jarka mai lita 25, jarka 9,600 ke nan. In kura tana ɗaukar 12, kura 800 a rana. Ku hasko kura 800 a lungun da faɗinsa bai wuce a yi kiciɓis da Keke Napep biyu ba. Kuma ban sa ruwan gini ba, wanda shi za a fara sha tun kafin mutum ɗaya ya tare: kwaɓa siminti, buga bulo, ba bulo ruwa safe da yamma.

Daga ina zai fito? Ƙarƙashin Kano dutse ne. Ruwan da muke samu yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin da ke cikin na ƙasa, ba wani teku ne kwance a can ba. Shi ya sa za ka haƙa a gidan nan ka samu, ka tsallaka layi ka haƙa mita 80 ƙura kawai ke tashi. Ba kamar wajen Haɗeja da Gumel ba, inda ƙasar yashi ce mai riƙe ruwa. Tsaga ɗaya in bututu goma suka shiga cikinta, mai babban famfo da zurfi shi ke sha, rijiyar guga ta Baban Khalifa ita ce ta farko da za ta mutu.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Filoti ƙafa 50 mita 15 ne da ɗoriya. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a bar kamar mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai. A fili mai mita 15 ina za ka samo 30? Naka masan yana jikin rijiyar maƙwabcinka, nasa yana jikin taka. Na taɓa buɗe wata rijiya a irin wannan unguwa, mai gidan yana rantsuwa ruwan garau yake, ni kuwa tun daga bakin murfi hancina ya gaya min gaskiya. Yaransa uku ne aka kwantar da taifot a shekarar.

Maman_Ihsan:
Innalillahi. Injiniya ka sa tuwon daren nan ya fita raina.

Haya_Ta_Ishe_Ni:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ku yi haƙuri zan ɓata muku rai. Baban Khalifa, ka ce shekararka 14 a unguwar. Kafin ka zo mene ne a wurin da gidanka yake? Ba gonar wani ba ce? Ba awon igiya ka saya ba? Ranar da ka kafa harsashi ka je ka tambayi mutanen ƙauyen da ka tarar ko rijiyarsu za ta ɗauke ka?

Ni shekara 11 ina haya da mata da yara biyar a ɗaki biyu. Duk shekara mai gida ya ƙara kuɗi. Filin gwamnati mai takarda ba na irinmu ba ne, kafin a sanar manya sun rabe. Awon igiya shi ne kaɗai ƙofar da talaka ke shiga ya mallaki inda zai sa haƙarƙarinsa. Yanzu da kuka shige sai ku ce a rufe ƙofa saboda ruwa. A gidan hayar ma ai kura nake saye. Gara in sayi kura a gidana da in saya a gidan wani.

DanKasuwa_Kwari:
Allah ya yi maka albarka. Abin da nake son faɗa ke nan bakina bai iya ba.

Baban_Khalifa:
@Haya_Ta_Ishe_Ni maganarka ta dake ni, kuma gaskiya ce. Gonar dawa ce wurin, awon igiya na saya, kuma ban tambayi kowa ba. Har yanzu ina tuna wani dattijo da ke zama a gindin tsamiya yana kallonmu muna sauke yashi bai ce uffan ba. Amma ɗan uwa ba ina cewa kar ka samu gida ba. A lokacin da na zo guga igiya gaba shida yake taɓa ruwa, yanzu sai sha uku. Abin da muka yi ba tare da tunani ba shi ya kawo mu nan. Sai a ci gaba da yi don mu ma mun yi?

Haya_Ta_Ishe_Ni:
To a dakata har yaushe? Ka ba ni rana. In "har sai ruwa ya zo" ne, jikokina ma a haya za su mutu.

Dan_Damagaram:
Salamu alaikum mutanen Kano, ina gaisuwa daga Zinder. Ku zo mu ba ku labarin ƙishirwa, mu ne malamanta. Garinmu ma bisa dutse yake zaune kamar yadda Injiniya ya ce na Kano. Tun 1926 Turawan Faransa suka ɗauke babban birni daga Zinder suka kai Yamai, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake faɗa. Ruwanmu daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya, daga Arunguza, daga baya aka ƙaro Ganaram. Mu nan ma'aikatar magajin gari ce ke yanka hilaye ta saida, kuma kuɗin hili na cikin abin da take rayuwa da shi. To wanda abincinsa ke cikin yanka, yaya za ka ce mashi ya aje wuƙa? A sababbin unguwanni mutum zai gina gida mai kyau da tayil, a sa mashi kan famfo, ya kwana zaune da bokiti yana jiran ƙarfe ukun dare ko iska za ta zama ruwa. Lokacin zahi in ka ga mata da yara da bido a hanya tsakar dare ba biki za su ba.

Abin da zan ce ma Baban Khalifa: in an riga an saida, an gama. Magana kahin a karɓi kuɗin mutane ake yin ta.

Bakano_a_Arizona:
Abin da ya sa na tsoma baki, a nan inda nake zaune wannan muhawarar ce ake yi kullum a labarai. Arizona hamada ce. Tun 1980 suke da dokar ruwan ƙasa, kuma a yankunan da dokar ta fi tsanani, kamar kewayen birnin Finiks, mai son yanka fili ya gina rukunin gidaje sai ya nuna shaidar cewa akwai ruwan da zai ishi gidajen shekara 100. A watan Yuni na 2023 gwamnar jihar, Katie Hobbs, ta sanar cewa binciken jiha ya nuna ruwan ƙasan yankin ba zai kai ba, don haka aka daina ba da sabuwar shaida ga rukunin gidajen da suka dogara da shi. Waɗanda suka riga suka samu izini ba a taɓa su ba.

Amma ga inda abin ya yi kama da namu. Dokar ta fara aiki ne daga filoti 6 zuwa sama. Sai masu wayo suka riƙa yanka biyar-biyar, ba mai tambayarsu ruwa. Haka wata unguwa mai suna Rio Verde Foothills ta cika da gidaje, da yawansu tankar ruwa ke kawo musu daga garin Scottsdale da ke maƙwabtaka. Ranar 1 ga Janairu 2023 Scottsdale ta rufe musu, ta ce fari ya sa dole ta fara da mutanenta. Gidaje ɗaruruwa, masu kuɗi, suka koma tara ruwan sama da cin abinci a farantin takarda don kar a yi wanke-wanke. Da na gani a talabijin na ce wa matata, ashe Bature ma yana awon igiya.

Sarkin_Zolaya:
Shekara 100! Mu a nuna mana na sati ɗaya mu sa hannu.

DanKasuwa_Kwari:
Kullum sai an kawo mana Amurka. Can in aka hana ka gini akwai bashin gida daga banki, akwai gidajen haya masu doka. Nan in aka hana ka sai ƙarƙashin gada.

Bakano_a_Arizona:
Alhaji ban ce a kwafo ba. Ai labarin da na bayar ma na inda dokar ta yoye ne. Kuma can ma masu gini suna ta ƙorafi cewa hanin ya tsadar da gidaje, maganar @Haya_Ta_Ishe_Ni ce sak da wani harshe.

Dan_Garuwa:
Ni mai tura kura ne, ɗana ne ke rubuta min. Ana ta ambatonmu kamar mu ne matsalar. Da can bohol ɗin da nake ɗiba yana bayan layinmu, ina yin sawu takwas kafin azahar. Yanzu mai shi sai ya tayar da inji awa biyu ya kashe ya jira ruwa ya taru. Na koma wani mai nisa, hanyar da hawa, sawu huɗu nake yi ƙafata na rawa. Mai bohol ya ƙara kuɗi saboda man inji, na ƙara naira kaɗan, matan gida suna zagina ta bayan labule. Gida 600 ciniki ne a wurina, amma wallahi ban san inda zan ɗebo musu ba.

Maman_Ihsan:
Baba ka yafe mana, ni ma ina cikin masu mitar. Allah ya sa wa nema albarka.

Malam_Na_Tsangaya:
Amin. Akwai hadisin da ya ce mutane sun yi tarayya a abu uku: ruwa da ciyawa da wuta. Akwai kuma ƙa'idar babu cuta babu cutarwa. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun yi maganar hurumin rijiya, wato kewayen da ba a yarda wani ya yi abin da zai rage ruwanta ko ya ɓata shi ba, ko da a cikin mallakarsa yake. Don haka @DanKasuwa_Kwari, a shari'a ma mallaka ba ta ba ka damar ƙafar da rijiyar maƙwabci. Sai dai kuma magadan nan akwai marayu da zawarawa a cikinsu wataƙila, gonar ita ce gadonsu. In hukuma ta hana su sayarwa don maslahar jama'a, jama'a su ɗauki nauyin asarar, kar a bar ta a kan marayu su kaɗai.

Bahadeje:
Ni dai abin da ke ba ni mamaki da Kanawa, kuna da Tiga tun 1974, kuna da dam ɗin Challawa a Ƙaraye tun 1992, ruwan da ya kamata ya gangaro mana Haɗeja da Nguru a kan lokacinsa kun tare, kun bar mu da kacalla ta cinye hanyoyin ruwa, sannan ku ce ba ku da na sha?

Manomin_Kadawa:
Kai Bahaɗeje a yi mana adalci. Shinkafa da tumatirin da kake ci daga Kura da Bunkure da Kadawa da wane ruwa aka noma su? Kuma dam ɗin ai yana hannun hukumar kogin Haɗeja da Jama'are ta tarayya, ba mu ke buɗewa da rufewa ba.

Injiniya_Rijiya:
Ku biyun duk kuna da gaskiya, amma ruwa a dam daban, ruwa a famfo daban. Tsakaninsu akwai matata, akwai wutar da za ta tura, akwai bututu. Sabuwar matatar Tamburawa an gina ta ne ta tace lita miliyan 150 a rana, ga matatar Challawa, ga ta Watari. Ko duk sun yi aiki yadda aka tsara su, bututun da ke ƙasa bai san da unguwannin da aka yanka shekaru 20 ɗin nan ba. Ba a binne shi a can ba. Unguwar awon igiya kuma ko an zo sa bututu sai an rusa katangu, don ba a bar masa hanya ba.

Wani abin tarihi da mutane ke mantawa: ruwan famfo na farko a Kano, na Challawa, a farkon shekarun 1930 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da kuɗin baitulmalin En'e aka yi shi. Hukumar gida ce ta kawo ruwa. Yau magajiyarta hatimi kawai ya rage mata.

Admin_Zaure:
Jama'a mun tafi Haɗeja mun dawo ta Arizona. A koma kan tambayar Baban Khalifa don Allah. Kuma kar wanda ya sa sunan ciyaman ko na dillali a nan, zan goge.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ni kududdufin nake son a yi magana. Ku yafe ni, ban ga abin kuka ba don an cike shi. Na tashi kusa da irinsa a cikin birni: sauro, wari, mushen akuya, kuma yaron maƙwabtanmu a ciki ya nutse ina 'yar shekara tara, har yau ina jin kukan uwarsa. Ba ruwan sha ba ne, ba na wanki ba. A cike.

Injiniya_Rijiya:
Allah ya jiƙansa. Hajiya ba a shan sa, gaskiya ne, amma shi ke shayar da rijiyoyin da ke kewaye. Damina a Kano wata huɗu ce zuwa biyar. Ruwan da ya sauka a gona da kududdufi yana nutsewa a hankali, shi muke jawowa da rani. In aka shafe wurin da siminti da kwano, ruwan zai bi kwata ya wuce cikin awa ɗaya, in bai samu kwata ba ya shiga ɗakunan mutane. Kududdufan cikin birni ramukan da aka ɗebi ƙasar gini ne tun kaka da kakanni, kuma su ke karɓar ruwan sama. Ki duba unguwannin da aka cike nasu aka yi gini, ki tambaye su yadda suke kwana a watan Agusta. Maganinsa a kewaye shi da waya a hana zuba shara, ba a binne shi ba. Wanda kuma ya sayi filotin da ya faɗo a kan cikon shara, katangarsa za ta gaya masa nan da damina uku.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Wa zai kewaye? Wa zai yi gadi? Kai ma ka san ba za a yi ba.

Safiyo_Mai_Awo:
Ni nake irin wannan awon, ba a wannan gonar ba dai. Bari in faɗa muku yadda ake yi. Dillali ya sayi gona a dunƙule daga magada, ko ya yi yarjejeniya a raba riba. Ya kira ni. In na zana masa titi mai faɗin mita 12 da fili ɗaya na makaranta da na tanki, sai ya ƙirga filotan da ya rasa ya ce Malam rage titin nan, ai ba jirgi zai sauka ba. In na ƙi, gobe ya kira yaro da igiya da turaku su gama a wuni ɗaya. Sau da yawa ma na bar filin masallaci da na bohol a zane, bayan shekara biyu na wuce na ga shaguna a kai.

Don haka masu cewa "a yarda amma da sharaɗi", sharaɗin a takarda ba ya hana komai. Sai dai a haƙa bohol ɗin, a gwada shi da rani ba da damina ba, a ɗora tanki da sola, a katange, a rubuta filin da sunan jama'ar unguwa, kafin a ba da izinin sayar da filoti ko ɗaya. Kuɗin a raba shi a kan filotai 600, ba zai yi wa kowa nauyi ba.

Haya_Ta_Ishe_Ni:
Wannan zan iya yarda da shi. Ƙarin kuɗi kaɗan na san inda ya tafi ya fi "a dakata" da ba ta da ranar ƙarewa.

Injiniya_Rijiya:
Ya fi babu. Amma kar a yaudari kai, bohol ɗaya ko biyu a dutsen Kano ba za su ba da lita 240,000 a rana ba. Kuma daga tsagar da Baban Khalifa ke sha za su ja.

Barista_Ta_Zaure:
Shawarar Safiyo tana da ƙafa a doka in gonar tana wajen yankin birni, domin mai ikon amincewa yana iya jinkirta amincewarsa har a cika sharaɗi. @Tsohon_Kansila, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 da ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ba ka ganin uzurin "ba mu da injiniya" ya kusa ƙarewa?

Tsohon_Kansila:
Barista, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Hukunci a Abuja daban, kuɗi a asusu daban. Kuma ko kuɗin sun zo, ciyaman zai fi son ya haƙa bohol goma ya rubuta sunansa a jikin tanki da ya hana yanka gona ɗaya. Na farko ana ɗaukar hotonsa, na biyu ba abin da za a nuna.

Baban_Khalifa:
Assalamu alaikum, na dawo da labari. Jiya mu bakwai da mai unguwa da limamin masallacinmu muka je sakatariya. Ciyaman ba ya nan, wani jami'in sashen ƙasa ne ya saurare mu, kuma ya karɓe mu da mutunci. Ya ce a saninsa wurin ya daɗe da shiga yankin birni, don haka ba su da ikon ba da izini kuma ba su da ikon hanawa. Muka nuna masa hoton takardar da dillalan ke yawo da ita. Ya duba ya ce wannan rasit ne na kuɗin shiga, ba izinin yanka ba. Na ce to me ya sa aka karɓi kuɗi a kan abin da ba ku da iko da shi? Ya yi murmushi ya ce mu rubuta takarda zuwa jiha, su ma za su sa tasu a kai.

Barista, in na turo miki abin da muka rubuta ta akwatin sirri za ki duba mana? Mun sa shawarar Safiyo a ciki, da batun barin kududdufin. Biyu daga cikin waɗanda muka je da su sun ƙi sa hannu a kan batun dakatarwa, ashe ƙannensu sun riga sun biya kafin alƙalami.

Barista_Ta_Zaure:
Turo. Ku haɗa da hoton rasit ɗin da na turakun, kuma ku karɓi kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, kar ku baro takarda hannu sake.

Haya_Ta_Ishe_Ni:
Baban Khalifa ka sa min a takardar cewa akwai masu haya da ke jiran filin nan, kar a rubuta kamar duk unguwa bakinsu ɗaya.

Baban_Khalifa:
Zan sa, da kalmominka.

Maman_Ihsan:
To tifofin fa, sun tsaya?

Baban_Khalifa:
Ina fa. Daga sallar asuba zuwa yanzu Khalifa ya ƙirga tara daga kan katanga. Gefen gabas na kududdufin har an ja igiya a kansa.